Ranar da iska ta kwashi takardun 'Yandoto

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Gusau zuwa Funtuwa ya ratsa 'Yandoto kafin ya kai Tsafe. Yawancinmu ko ɗaga kai ba ma yi. Direba na sauri kada yamma ta riske shi a hanya saboda 'yan bindiga, fasinja kuwa kowa ya duƙufa jan carbi. Alhali a wannan ƙasa aka yi ɗaya daga cikin manyan biranen ilimi na ƙasar Hausa, kuma a nan aka yi wata rigima da har yau ba mu iya ba da labarinta gaba ɗaya ba.

Tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, 'Yandoto ta yi suna da malamai. Birni ne a ƙarƙashin Katsina, a yankin da ake kira Katsinar Laka, almajirai na zuwa daga nesa su ɗauki karatu. Labarin baka ma ya ce daga nan Korau ya fito, wanda ya kayar da Sarki Sanau a kokawa ya hau gadon sarautar Katsina a ƙarni na 15.

Da aka fara jihadi a 1804, sai kan malamai ya rabu. Mafi yawan na 'Yandoto ba su gamsu da kiran Shehu ba, waɗanda suka karkata gare shi kuma zama ya gagare su a garin. Wajen 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya sauka da rundunarsa kusa da birnin. Bai fara da takobi ba. Aika musu ya yi su fito a baje littattafai a yi muƙabala: in gaskiya na wajensu, jama'ar Shehu su tuba su bar abin da suka ɗauko, in kuwa tana wajen Shehu, su bi. Malaman suka ƙi ko da ganinsa, suka nuna ba sa son abin da zai haɗa su da shi ko mahaifinsa, duniya da lahira. Daga nan aka afka wa garin aka ci shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Shehu Laminu na Borno, a wasiƙun da ya yi ta musaya da Bello, ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai masu ɗauke da sunan Allah. Bello ya kawo zargin da amsarsa a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya kammala a 1812, kuma masana tarihi na danganta abin da ya bayyana da 'Yandoto. Ya ce ya ga takardu iska na yawo da su, ya duƙa yana tsincewa har ya gaji, ya wuni cikin ɓacin rai. Da ya tara mutane ya bincika, aka ce masa rikici ne ya tashi wajen rabon ganima. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: jagoran yaƙin da ya ci gari, a sunkuye cikin ƙura, yana bin warƙa ɗaya bayan ɗaya. Littafin wancan zamani ba ɗinki gare shi ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka, kowace an rubuta ta da alƙalamin kara da tawada. In ta watse, aikin shekaru ya tafi. Kuma masu takardun da mai tsince su duk alƙibla ɗaya suke kallo.

Bayan haka Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya kafa Gusau a wannan yanki na Katsina, shi ya sa har gobe sarkinta Sarkin Katsinan Gusau ne. Sunan birnin da aka ci kuwa bai mutu ba, sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe ake ce masa. Jikokin ɓangarorin biyu titi ɗaya suke bi, kasuwa ɗaya suke ci.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. A Ailan ta Arewa akwai wani birni mai ganuwa da 'yan Katolika ke kira Deri, 'yan Furotesta na ce masa Landanderi. An yi masa ƙawanya ta kwana 105 a 1689, sojojin Birtaniya kuma sun harbe mutum 13 a titinsa ranar 30 ga Janairu, 1972. Yau baƙi na hawa kan ganuwar da aka gama ginawa wajen 1619, masu rakiya na nuna musu unguwar kowane ɓangare, suna faɗin abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Ba su rushe ganuwar ba, ba su kuma yi shiru ba.

Mu namu kufai yana nan, yaran Gusau da Tsafe da Bungudu da yawa ba su ma san da shi ba. Ina roƙon gwamnatin Zamfara da masarautun yankin da malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau su killace abin da ya rage na tsohuwar 'Yandoto, su zauna da dattawan da ke riƙe da labarin kowane ɓangare su rubuta shi, tun suna raye.