Kumburin Ciki a Zangon Lome: Wake Ba Shi Kaɗai Ke da Laifi Ba

Tun da gwamnatin Togo ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birnin Lome a 1977 ta mayar da mutanensa Agoè, can arewa da gari a bakin hanyar da ke fita zuwa Burkina Faso da Nijar, rayuwar unguwar ta koma ta sammako. Mai shago a cikin gari sai ya yi asubanci kafin hanya ta cunkushe. Direban babbar mota da ke jiran lodi daga tashar jiragen ruwa ba shi da tsayayyen lokacin cin abinci. Karin kumallo a tsaye ake yin sa: koko da ƙosai, ko shinkafa da wake da mutanen Lome ke kira ayimolu, ko wake da gari da manja, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Kafin azahar sai ka ji ana cewa, "Cikina ya cushe," ko "Tun safe nake gyatsa." Nan da nan a ɗora wa wake laifi.

Wake na da nasa kason, gaskiya ne. A cikinsa akwai wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanjin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da su. Haka suke wucewa har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa ke zaune. Su ne ke cinye su, su fitar da iska, kamar yadda ƙullin masa ke tashi idan ya kwana. Albasa da tafarnuwa da burodin alkama ma suna da irin wannan sukari. Wannan ba cuta ba ce. Mai cikakkiyar lafiya kan fitar da iska sau goma zuwa ashirin a rana, kuma waɗancan ƙwayoyin halitta amfaninsu ga hanji ya fi damuwarsu yawa.

Sai dai kaso mai yawa na iskar da ke damun mutane ba a ciki ake haifar ta ba, haɗiye ta ake yi. Mai cin abinci da gaggawa yana hira, mai tauna cingam, mai zuƙar taba, mai kwankwaɗar lemo mai gas, duk suna tura iska cikin tumbinsu. Shi ya sa abin ya fi tsanani a watan azumi, lokacin da cikin da ya wuni ba komai ake ɗura masa ruwan ƙanƙara da ƙosai da soye-soye cikin minti goma. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, sai mutum ya tsaya tarawihi yana nishi.

Madara ma tana ciki. Wajen kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya ba sa iya narkar da sukarin madara yadda ya kamata bayan sun wuce yarinta. Fulani makiyaya na daga cikin waɗanda suka fi iyawa, amma yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba haka suke ba. Wanda shayi mai madarar gwangwani ke kumbura wa ciki zai iya tarar da cewa kindirmo ko cukun Fulani da ake kira wagashi ba sa damunsa sosai, domin tsami da tace ruwa sun rage wannan sukari.

Akwai wani abu da likitocin hanji a asibitin Vall d'Hebron na birnin Basalona a Sifen suka gano wanda ya kamata a sani. Da yawa daga masu kukan kumburi, iskar da ke cikinsu ba ta fi ta kowa yawa da wani abin kirki ba. Abin da ke faruwa shi ne tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana sauka ƙasa, naman gaban ciki ya saki, sai ciki ya turo. Sun kuma nuna cewa iska ta fi saurin wucewa a hanji idan mutum yana tsaye ko yana motsa jiki a hankali, a kan idan yana kwance. Wato miƙewa a kan benci bayan an ci tuwo, abin da direbobi da masu shaguna suka saba, shi ne ke tsare iskar. Tattaki na minti goma zuwa sha biyar ya fi.

Sauran maganin a madafa yake. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi da sabon ruwa har ya yi laushi sosai. Wani ɓangare na sukarin nan yana bin ruwan jiƙon. Wanda ya daɗe bai ci wake ba ya fara da kaɗan, hanji yana sabawa cikin 'yan makonni. Citta tana taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri, na'a-na'a kuma tana sassauta murɗar hanji, ko da yake mai fama da ƙwannafi ya yi hattara da ita. Idan taurin bayan gida ne tushen matsalar, kuma sau da yawa shi ne, to ruwa isasshe da miyar kuɓewa da ayoyo da gwanda sun fi duk wani jiƙo. Ban ga dalilin da zai sa talaka ya bar wake ba, alhali shi ne naman da aljihunsa ke iya saya kullum.

Inda nake da damuwa shi ne kanwa. A gidaje da yawa, da ciki ya cushe sai a jiƙa ta a sha. Mutum ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce ya samu sauƙi. Amma gyatsar nan kanwar ce ta haife ta: da ta haɗu da ruwan tsamin tumbi sai ta fitar da sabuwar iska. Ga kuma gishirin da ke cikinta, wanda ke da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka alaƙanta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ɗan abin da ake jefawa a tukunya daban, mayar da ita abin sha na kullum daban.

Haka kuma al'adar kiran kowane ciwon ciki basir ko olsa tana ɓoye cututtukan da ke da magani. Tsutsar ciki da ƙwayoyin da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa suna kumbura ciki, musamman ga yara, kuma a damina unguwannin da ruwa ke kwanciya sun fi fuskantar haka. Ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, ta yaɗu sosai a Afirka, ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani cikin mako biyu.

Kumburin iska yana zuwa ya tafi. Yakan ƙaru da yamma, a wayi gari ciki ya sace. Wanda ba ya sacewa, kullum sai ƙaruwa, ga ƙafa ta kumbura ko ido ya yi rawaya, wannan ruwa ne ke taruwa, kuma sau da yawa daga hanta yake, a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu. Haka nan idan kumburi ya zo da rama, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida, ko kuma mace da ta manyanta ta ga cikinta na cika da ɗan abinci kaɗan har makonni. Mai irin wannan ya ajiye citta da jiƙo, ya nufi asibitin unguwa, idan ta kama a tura shi asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin a yi masa hoton ciki da gwajin jini.