Daga psi zuwa atmosfiya: lissafin da ke bayan gejin mai faci

A duk bakin titin da direba ya tsaya don a ƙara wa tayarsa iska, a Kano ne ko Zariya ko Gusau, tambaya ɗaya mai faci yake yi masa: "Yallaɓai, nawa za a sa?" Direba ya ce talatin da biyar, a ɗora geji, a cire tiyo, kowa ya kama gabansa. Da wuya wani a cikinsu ya tsaya ya tambayi talatin da biyar ɗin mene ne. Amma da direban zai buɗe littafin motar da aka shigo da ita daga Faransa ko Jamus, 2.4 zai gani a rubuce. A jikin wata motar kuma 240 zai gani. Duk ukun kusan iska ɗaya suke nufi, ma'aunin ne ya bambanta. Lamarin kamar na ɗan kasuwar kan iyakar Jibiya ne da aka ce masa kaya dubu goma ne, ba a faɗa masa naira ko sefa ba. Lamba ba ta da ma'ana sai an san ma'auninta, kuma a harkar matsin iska rashin sanin na iya jawo asarar rai.

Mene ne ake aunawa?

Matsi shi ne yawan ƙarfin da ke danna wani fili, idan aka raba shi da faɗin filin. Ma'aunin da ke kan yawancin gejin masu faci a Najeriya ana rubuta shi psi, ma'anarsa nauyin laba nawa ne ke danna kowane inci murabba'i. Laba ɗaya kilo 0.4536 ce, inci ɗaya kuwa santimita 2.54, kamar yadda Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe suka daidaita a 1959. Saboda haka idan an ce taya tana da psi 35, ana nufin iskar da ke ciki tana tura kowane ɗan fili mai tsawon inci ɗaya da faɗin inci ɗaya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 16.

Ɗaya ma'aunin kuma, atmosfiya, wanda ake taƙaitawa atm, daga iskar da muke shaƙa aka samo shi. Iska tana da nauyi. Tulin iskar da ke samanmu, daga ƙasa har ƙarshen sararin da take kaiwa, yana danna kowane santimita murabba'i a bakin teku da nauyin da ya ɗan haura kilo 1. Ba ma jin wannan nauyi ne domin ta ko'ina yake zuwa, kuma ruwa da iskar da ke cikin jikinmu suna turawa waje da ƙarfi daidai da shi. Wannan danni na iskar duniya a bakin teku shi ake kira atmosfiya ɗaya.

Yadda aka gano nauyin iska

Masu haƙar rijiya da ma'adinai a Turai sun daɗe da lura cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya ɗago shi fiye da mita 10, komai kyawun ƙirarsa. A wajejen 1643 wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, almajirin Galileo, ya warware matsalar. Ya cika dogon bututun gilashi mai toshe a gefe ɗaya da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko kaɗan ta tsaya a tsayin kusan santimita 76. Ya ce nauyin iskar da ke danna zaibar kwanon ne ya tokare ta. Da yake zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, iskar da ta riƙe santimita 76 na zaiba za ta riƙe mita 10.3 na ruwa. Nan ne iyakar da ta gagari masu famfo.

A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa mijin 'yar'uwarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu. A kan dutsen zaibar ta sauka da fiye da santimita 8, abin da ya tabbatar cewa idan mutum ya yi sama, iskar da ta rage a kansa raguwa take yi. Abin haka yake har yau a wurinmu. A Legas danni ya kusa atmosfiya ɗaya cif, amma a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, bai wuce 0.87 ba, shi ya sa ruwa ke tafasa a can a wajejen digiri 96 maimakon 100.

Manomin fadama yana fama da wannan doka ko da bai taɓa jin sunan Torricelli ba. Injin ban-ruwan da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya jawo ruwa da kansa. Iskar cikin tiyo yake ragewa, sai nauyin iskar waje ya turo ruwan sama. A aikace, idan ruwan ya yi ƙasa da mita 7 ko 8, injin zai yi ta ƙara ba ɗigo. Sayen babban inji ba zai yi magani ba. Dalilin ke nan da ake zura famfon rijiyar burtsatse can cikin ruwa, ya riƙa turo shi daga ƙasa.

Lissafin kansa

Tunda nauyin iska yana sauyawa da wuri da yanayi, sai babban taron ma'aunai na duniya ya tsayar da magana a 1954: atmosfiya ɗaya daidai take da abin da yau ake rubutawa 101,325 a ma'aunin matsi mai suna faskal. Psi ɗaya kuwa faskal 6,895 ne. Idan aka raba na farko da na biyu, za a sami 14.696, wanda ake taƙaitawa 14.7. Wannan ita ce lambar da ya kamata a haddace.

Don mayar da psi zuwa atmosfiya, a raba da 14.7. Don komawa psi, a ninka da 14.7. Tayar ƙaramar mota mai psi 32 tana da atmosfiya 2.18. Mai psi 35 tana da 2.38. Tayar tirela mai psi 110 ta kusa atmosfiya 7.5. Wanda ba shi da na'urar lissafi a hannu zai iya raba lambar da 15 a ka, ya ƙara biyu bisa ɗari na amsar: psi 30 ya ba da 2, da ƙarin ya zama 2.04.

Akwai wasu ma'aunai biyu da ke kusa da atmosfiya, kuma su ake yawan gani a jikin kaya. Bar ɗaya faskal 100,000 ne, wato psi 14.5, ya gaza atmosfiya da kusan ɗaya bisa ɗari kawai. Kilofaskal kuma, kPa, faskal 1,000 ne. Don haka psi 35 shi ne bar 2.4, shi ne kPa 240 da ɗoriya. Na asibiti ma ɗan gidan ne: idan likita ya ce jininka 120 bisa 80, tsayin zaiba yake nufi da milimita, irin na Torricelli, kuma milimita 760 ne atmosfiya ɗaya.

Sai dai akwai inda ɗalibai da ma wasu ma'aikata ke tuntuɓe. Gejin mai faci daga sifiri yake farawa alhali yana cikin iskar duniya. Abin da yake nunawa shi ne rarar da iskar taya ta yi a kan ta waje. Tayar da ta sace gaba ɗaya geji zai nuna sifiri, amma akwai iska mai atmosfiya ɗaya a cikinta. Saboda haka psi 32 na geji, cikakken matsinsa 46.7 ne, wato atmosfiya 3.18. Direba ba ya bukatar wannan ƙari, domin lambar da kamfani ya rubuta ta geji ce. Amma duk mai lissafin yadda zafi ke sauya iska, a jarrabawa ko a masana'anta, tilas ya ƙara 14.7 kafin ya fara, in ba haka ba amsar za ta kauce.

A kan hanya

Ga misali. Taya mai psi 32 da safe, zafinta digiri 20. Bayan doguwar tafiya a kan kwalta cikin watan Afrilu, iskar ciki ta kai digiri 50. Cikakken matsin zai tashi daga 46.7 zuwa kusan 51.5, geji ya nuna kusan 37. Wannan ƙari na psi 5 ba haɗari ba ne, an ƙera taya da sanin zai faru. Haɗarin yana wurin direban da ya ga 37 ya tsorata ya sa aka rage. Tayar da iskarta ta yi kaɗan gefenta lanƙwasawa yake yi a kowane juyi, lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba roba da wayar ciki har ta fashe. Ga ƙarin shan mai da saurin cinyewar gefunan taya. Ƙa'idar ita ce a auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake cikawa ba.

A asibiti da gidan mai

Amfanin atmosfiya ya fi fitowa fili a tukunyar oksijin. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsi, wurin da iska ke ci raguwa yake yi daidai da ninkin. Ma'ana, adadin atmosfiya yana faɗa maka kusan sau nawa aka dunƙule iskar. Tukunya mai cin lita 10 da gejinta ke nuna psi 2,200 tana kan atmosfiya 150, don haka ta ƙunshi kusan lita 1,500 na oksijin. Majinyacin da ake ba lita 5 a minti zai yi awa 5 da ita. Idan gejin ya sauko psi 1,000, atmosfiya 68 ke nan, lita 680, awa 2 da 'yan mintuna. Ma'aikacin jinyar da zai raka mara lafiya tafiyar awa 3 zuwa babban asibiti, wannan ɗan lissafi ne zai gaya masa tun kafin a tashi cewa tukunyar ba za ta kai su ba. Na'urar da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata ma da psi 15 take aiki, kusan atmosfiya ɗaya a kan ta waje, wanda ke sa tururi ya kai digiri 121.

Tukunyar gas ɗin girki daban take. Abin da ke cikinta ruwa ne da tururinsa a sama, kuma matsinsa kusan iri ɗaya ne ko ta cika ko ta kusa ƙarewa. Shi ya sa ake sayar da shi da kilo a kan sikeli. Ko a tsakiyar bazara matsin cikinta bai kai atmosfiya 20 ba. Iskar CNG kuwa, wadda masu motoci da adaidaita sahu ke komawa gare ta tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ana ɗura ta ne a kan bar 200, wato psi 2,900, kusan atmosfiya 197. Ninki goma ke nan da ɗoriya. Duk wanda ya ɗauki tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ya kai ta famfon CNG, ya jefa kansa da duk wanda ke gidan man cikin halaka.

Ko manyan masana ba su tsira daga ruɗanin ma'auni ba. A Satumbar 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka ta rasa kumbon da ta tura duniyar Mars, saboda wani ɓangare na injiniyoyi ya yi lissafin ƙarfi da laba, ɗayan kuma ya karanta lambobin a ma'aunin mita da kilo.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Malaman kimiyya su riƙa shiga aji da gejin taya, su sa yara su juya abin da suka karanta zuwa atmosfiya da bar. Ƙungiyoyin direbobi da na masu faci su koya wa yaransu duba haruffan da ke gefen lamba, domin geji da yawa layi biyu ne da su, ɗaya psi ɗaya bar. Asibitoci su manna jadawalin lissafin oksijin a jikin bangon kowane ɗaki. Kai kuma mai karatu, duk lokacin da aka faɗa maka lambar matsi, ka tambayi ma'auninta kafin ka yi aiki da ita, ka kuma riƙe cewa psi 14.7 ne atmosfiya ɗaya.