Wakilcin masu ƙiba a tallan tufafi

Wakilcin masu ƙiba a tallan tufafi shi ne amfani da mutane masu cikar jiki, maza da mata, wajen nuna kayan sawa a allunan talla, mujallu, talabijin, shafukan intanet da bukukuwan baje kolin kayan ƙawa. Batun wani reshe ne na muhawarar da ake yi kan bambancin surar jikin ɗan Adam, wadda ta ƙunshi ƙiba da rama, tsayi, launin fata, shekaru da naƙasa. Ya fara ƙarfi ne a Amurka da Turai, inda kamfanoni suka daɗe suna tallata kaya da siraran mata kawai. A ƙasar Hausa da sauran yankunan Afirka ta Yamma batun ya ɗauki wata fuska dabam, domin yawancin mutane tela ke yi musu ɗinki daidai da awonsu, kuma al'ada ta daɗe tana yabon cikar jiki.

Ma'anar babban awo

Kamfanonin da ke yin ɗinkakkun kaya suna rarraba su ne da lambobi. Abin da ake kira babban awo yakan fara daga lamba 14 a Amurka, ko da yake iyakar tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani da kuma daga ƙasa zuwa ƙasa. A cikin sana'ar tallan kayan ƙawa kuwa, sau da yawa ana sanya mace cikin rukunin masu babban awo ko da jikinta bai kai wannan lamba ba. Wani bincike da Deborah Christel da Susan Dunn suka wallafa a 2016 ya nuna cewa matsakaiciyar mace a Amurka tana sa lamba 16 zuwa 18. Wannan na nufin rukunin da kasuwa ke ɗauka a matsayin na musamman ya ƙunshi kaso mai yawa na masu sayen kaya.

Awon tufafi ya bambanta da ma'aunin likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da ma'aunin BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita da aka ninka da kansa. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga teɓa.

Tarihi a Amurka da Turai

Ɗaya daga cikin kamfanonin farko da suka shahara a wannan fage shi ne Lane Bryant, wanda wata tela mai suna Lena Bryant ta buɗe a birnin New York a 1904. Ta fara da ɗinka wa mata masu juna biyu, daga baya ta faɗaɗa zuwa kayan mata masu jiki. Duk da haka, a mafi yawan ƙarni na 20 irin waɗannan kaya sun kasance a keɓe a shaguna, kuma manyan mujallu ba sa nuna su. A shekarun 1960 da kuma 1990 an yi yayin matsananciyar rama a tsakanin masu tallan kaya.

A 1969 aka kafa ƙungiyar NAAFA a Amurka domin yaƙi da wariyar da ake nuna wa masu ƙiba. A 2004 kamfanin sabulu na Dove ya fito da wani kamfen da ya yi amfani da mata na gari masu sura daban-daban maimakon ƙwararrun masu talla. Mujallar Vogue ta Italiya ta sanya Tara Lynn, Candice Huffine da Robyn Lawley a bangonta na watan Yunin 2011, sannan a 2016 Ashley Graham ta fito a bangon fitowa ta musamman ta mujallar Sports Illustrated. A 2019 kamfanin Nike ya kafa mutum-mutumi mai babban awo a babban shagonsa na Landan, abin da ya jawo yabo da suka a jaridun Birtaniya.

Sauyin bai yi nisa ba a manyan bukukuwan baje koli. Ƙididdigar da Vogue Business ke yi tun 2023 a bukukuwan New York, Landan, Milan da Faris ta nuna cewa kayan da masu babban awo suka nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Dokoki

Mutuwar wasu matasa biyu masu tallan kaya a 2006, Luisel Ramos ta ƙasar Uruguay da Ana Carolina Reston ta Brazil, sakamakon cutar ƙin cin abinci, ta sa gwamnatoci suka fara sa baki. A wannan shekarar masu shirya bikin baje kolin Madrid suka hana duk wadda BMI ɗinta bai kai 18 ba fitowa. Isra'ila ta yi doka a 2012 da ta sa iyakar a 18.5. Faransa ta zartar da doka a 2015 wadda ta fara aiki a 2017, inda ta wajabta takardar shaidar likita ga masu tallan kaya, tare da tilasta rubuta sanarwa a jikin duk hoton talla da aka sauya surar jikin mai shi da kwamfuta. A 2016 Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya hana manna tallan da ke sa mutane jin kunyar jikinsu a jiragen ƙasa da motocin haya na birnin.

A Najeriya, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi domin kasuwar cikin gida daga ranar 1 ga Oktoba 2022. Umarnin ya shafi ƙasar da mai talla ya fito ne, bai yi magana kan girman jiki ba.

A Afirka ta Yamma

Al'ummomi da dama a yankin suna ɗaukar cikar jikin mace alamar lafiya, wadata da kyakkyawar kulawa. Ƙabilar Efik ta Kalaba ta shahara da killace budurwa a ɗaki ana ciyar da ita kafin aure. A Muritaniya akwai al'adar leblouh ta ɗura wa 'yan mata madara da abinci, wadda likitoci da masu kare haƙƙin yara ke yaƙi da ita. A Nijar, Zabarmawa suna da bikin Hangandi inda mata ke gasar ƙiba, kuma masaniyar halayyar al'umma Rebecca Popenoe ta rubuta littafi a 2004 kan ƙibantar da 'yan mata a tsakanin Larabawan Azawak.

A Kwaddibuwa an fara gasar sarauniyar kyau ta Awoulaba a shekarun 1980 domin mata masu cikar jiki. Tun wajen 2011 masu sana'a a Abidjan ke ƙera mutum-mutumi masu faɗin ƙugu, saboda waɗanda ake shigowa da su daga waje ba su yi kama da matan da ke sayen kayan ba.

A Najeriya, nasarar da Agbani Darego ta samu a gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001 ta tayar da muhawara, domin doguwa ce siririya, kuma mutane da yawa sun ga hakan ya saɓa da abin da aka saba yabo. A 2016 bikin baje kolin kayan ƙawa na Legas ya ware wani sashe ga masu babban awo ƙarƙashin jagorancin Latasha Ngwube, sannan a 2017 Temi Aboderin-Alao ta fara shirya Plus Size Fashion Week Africa a birnin.

A ƙasar Hausa

A garuruwa irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, kamar sauran garuruwan Arewa, kayan Sallah da na biki da na lefe yawanci yadi ake saye a kai wa tela. Atamfa ana sayar da ita da turmi, galibi yadi shida, shadda da leshi kuma a yanka gwargwadon buƙata. Manyan dillalai suna saro kaya daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano, su rarraba zuwa Gusau da kasuwannin mako-mako. Tela yana gwada kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsayi, don haka mai ƙiba ba ya rasa kayan da za su shige shi. Abin da ya kan fuskanta shi ne ƙarin yadi da ƙarin kuɗin ɗinki.

Tsarin tufafin ma yana da sassauci. Zani ɗaurawa ake yi, yana bin jikin mace ko ta ƙara ƙiba ko ta rame, ko tana da ciki. Babbar riga da kaftani da hijabi da mayafi duk masu yalwa ne. Babbar riga tana ƙara wa mai ita cika da kwarjini, shi ya sa ta zama tufar sarakuna, malamai da attajirai. Zamfara ce jiha ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ya ƙaddamar da ita a Gusau a watan Oktoba 1999, kuma tufafin da ke rufe surar jiki su ne abin da aka saba gani a bainar jama'a.

Matsalar awo ta fi bayyana a ɗinkakkun kaya da ake shigowa da su, kamar kayan gwanjo, dogayen riguna, kayan ciki da abaya. Ita abaya galibi da tsayi ake auna ta, daga inci 52 zuwa 60, don haka gajeriya mai jiki kan sha wahala kafin ta samu wadda ta dace da ita.

Harshen Hausa yana nuna yadda ake kallon jiki. Idan aka ce amarya ta murje ko ta yi ɓulɓul, yabo ne gare ta da mijinta. Idan aka ce mutum ya rame, tambayar da ke biyo baya ita ce ko ciwo ya yi ko yana cikin damuwa. A gefe guda kuma akwai kalmomin zolaya irin su lukuti da lukuta, waɗanda yara masu ƙiba kan sha a makaranta da unguwa. Wato al'ada tana yabon cika, amma ta sa mata iyaka.

Hanyoyin talla a yankin su ne rediyo, kalandar ɗinki da teloli ke mannawa a shago, mutum-mutumi, finafinan Kannywood, da kuma shafukan Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp, inda mata da yawa ke sayar da kaya daga gida. Mai sayarwa kan shimfiɗa kayan, ko ta rataye su, ko ta sa su da kanta ta ɓoye fuska. A tsakiyar 2021 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, ƙarƙashin Harun Ibn Sina, ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi, tana cewa sun yi kama da gumaka kuma suna bayyana surar jiki, sai dai ta yi rangwame ga waɗanda aka cire wa kai. Wannan ya nuna cewa a Arewa tambayar farko ita ce ko ya halatta a nuna surar jiki a talla, kafin a zo ga wace sura za a nuna.

Magungunan ƙiba

Inda ake yabon cikar jiki, matsin lamba kan faɗa kan sirara. A Arewacin Najeriya da Nijar ana sayar da ƙwayoyi da ruwan magani da aka fi sani da sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha musamman gab da aure, tare da sauran kayan gyaran jiki. Sinadaran da aka fi amfani da su domin ƙara ƙiba su ne siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ciki, da deksametason, wanda likitoci ke bayarwa domin kumburi da asma. Shan deksametason na dogon lokaci ba tare da likita ba yana kumbura fuska, yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma daina shi farat ɗaya yana da haɗari. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2023 kan Apetamin, wani ruwan magani mai siproheptadin da ake tallatawa a intanet da hotunan mata masu faɗin ƙugu.

Muhawara

Masu goyon bayan wakilci suna cewa mai saye yana da haƙƙin ganin yadda kaya za su zauna a jiki irin nasa, kuma nuna sura guda ɗaya kullum yana sa matasa raina kansu. Masu suka suna tsoron kada hakan ya sa a raina haɗarin teɓa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta shafi mutum ɗaya cikin takwas a duniya a 2022. Wasu kuma suna lura cewa ko masu babban awon da kamfanoni ke zaɓa yawanci masu shafaffen ciki ne da faɗin ƙugu, don haka sabon ma'auni aka kafa a madadin tsohon. Maza masu ƙiba, tsofaffi da naƙasassu ba su cika fitowa ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Ƙiba ta fi yawa a birane da Kudu, rama kuma ta fi yawa a karkara da Arewa. Saboda haka mace a ƙasar Hausa tana iya fuskantar saƙo iri biyu a waya ɗaya: hotunan waje da ke yabon rama, da tallan cikin gida da ke yi mata alkawarin ƙiba cikin 'yan makonni.