Yaranmu Masu Karatun Nazarin Laifuka: Ina Za Su Nufa In Sun Gama?

Ran wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa daga cikin zumuntar mata ta tsayar da mu a bakin ƙofar majami'a, tana riƙe da takardar da ta nuna ɗanta ya sami gurbi a jami'a. Ta ce, "Malam, duba mini. An ce zai karanta sha'anin laifi da shari'a. Watau lauya ke nan zai zama, ko?" Muka karɓa muka duba, sai muka ga kiriminoloji da nazarin tsaro aka ba shi. Muka ce, "Mama, abin godiya ne ƙwarai, amma wannan ba karatun lauya ba ne." Nan take fuskarta ta sake, gama ta riga ta sayar da awakinta biyu domin kuɗin rajista, ta kuma gaya wa dangi cewa gidansu zai yi lauya.

Ba ita kaɗai ba ce. A 'yan shekarun nan yaranmu da dama suna samun kansu a wannan fanni, waɗansu da son ransu, waɗansu kuwa lauya suka nema makinsu bai kai ba aka tura su can. Ana koyar da shi a Jami'ar Jos, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da waɗansu da yawa. Tun da iyaye ne ke ɗaure ciki su biya, ya kamata su san abin da suke biya wa.

Mai son zama lauya yakan yi shekara 5 a jami'a, ya ƙara shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, kamar ta Bwari ko Bagauda ko Yola, sa'an nan a ba shi izinin tsayawa gaban alƙali. Ɗalibin kiriminoloji kuwa shekara 4 yake yi, kuma karatunsa reshe ne na ilimin zaman jama'a. Yana nazarin abin da ke sa mutum ya aikata laifi, da yadda 'yan sanda da kotu da gidan yari suke aiki, da halin da wanda aka cuta yake shiga, da yadda ake ƙidaya laifuka a gane inda suke yawa. Takardarsa ba za ta sa masa baƙar riga da farar hular lauya ba. Haka nan ba za ta maishe shi ɗan sanda kai tsaye ba. Hanyar da ke kai yaro ga muƙamin mataimakin sufuritanda tare da digiri ita ce Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano, wadda ta soma karatun digiri a 2013, ana kuwa shigarta ne daga sakandare, a yi shekara 5.

To, ina zai nufa? Kowa ya san ƙofofin kaki: 'yan sanda, da hukumar gidajen gyaran hali, da sibil difens, da shige da fice, da kwastan, da NDLEA wadda aka kafa a 1989 kuma take da makarantar horarwa a Jos. Akwai kuma EFCC da ICPC masu bin sawun cin hanci, da NAPTIP wadda tun 2003 take yaƙi da safarar mutane. Amma a sani, in an buɗe ɗaukar ma'aikata, mai digirin tarihi da mai digirin labarin ƙasa duk layi ɗaya suke bi da yaronmu, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa, ga iyakar shekaru. A nan ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Mun san wani dattijo da ya jinginar da gonarsa ya ba wani mutum kuɗi domin a sa sunan 'yarsa, har yau ba aiki ba kuɗi. Neman waɗannan ayyuka kyauta ne, ta intanet ake cika takarda. Duk wanda ya ce a kawo wani abu domin oga, a rabu da shi.

Akwai wata ƙofar da ba a cika maganarta ba, alhali kuwa a ganinmu ita ta fi dacewa da abin da yaran nan suke koyo. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, jihohi kuma suka bi da nasu, Kaduna ta yi tata a 2017. Dokar ta sa iyaka ga kwanakin da za a ajiye mutum kafin a gurfanar da shi, ta kuma umarci majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga waɗanda ke tsare. Sa'an nan a watan Agusta na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta sake wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali. Mutane da yawa sun ɗauka sunan kaɗai aka canja. A'a, dokar ta raba aikin gida biyu: sashen tsarewa, da sashen hukuncin da ba na ɗauri ba. A ƙarƙashin na biyun ne ake da aikin gayya na tilas ga al'umma, da sakin mai laifi a bisa sharaɗin za a sa masa ido, da ɗaurin talala ga wanda ya yi wani ɓangare na wa'adinsa, da sasantawa tsakanin mai laifi da wanda ya cuta.

Dalilin wannan gyara ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa kai ziyara kurkuku. A 2024 mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan sun kai wajen 80,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A cikinsu akwai wanda ya daɗe a ciki fiye da wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Yaron da ya saci akuya, in aka kulle shi ɗaki ɗaya da 'yan fashi, me ake tsammani zai koyo? Amma kafin alƙali ya yarda ya sake shi ya je ya share kasuwa na wata uku, dole a sami wanda zai je gidansu ya ga iyayensa, ya ji ta bakin mai unguwa da mai akuyar, ya rubuta rahoto, daga baya kuma ya tabbatar yaron yana zuwa aikin. Wannan shi ne ainihin aikin da aka horar da ɗalibin kiriminoloji dominsa. Gaskiya ne doka ta yi gaba aiwatarwa tana rarrafe a baya, ma'aikatan sashen ba su da yawa, kuɗin ma haka. Duk da haka, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, kuma jihar da ta tashi yin haka za ta nemi waɗanda suka san aikin.

Sanin aikin kuwa ba a aji ake samunsa ba. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta soma a 1973 domin ɗalibai su san makamar aiki, ya fi shafar masu karatun injiniya da noma da kimiyya. Saboda haka sau da yawa ɗalibin nazarin laifuka shi zai nema wa kansa wuri. Abin da yake bukata shi ne wasiƙa daga shugaban sashensa, da riga mai tsabta, da haƙuri. Wuri mafi sauƙi shi ne kotun majistare, gama zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai dai shari'ar yara da makamantanta. Ya shiga ya zauna a baya da littafinsa. Cikin mako biyu zai gane abin da ake nufi da beli, da aikin rajistara, da yadda mai gabatar da ƙara yake yi, da dalilan da ke sa a yi ta ɗage shari'a. Daga nan ya kai wasiƙarsa ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda tun 1976 take tsaya wa marasa hali kuma tana da ofisoshi a jihohi. Lauyoyinta kaɗan ne, fayil kuwa tuli, mai taya su bin sawun takarda daga kotu zuwa gidan yari ba zai rasa abin yi ba. Akwai ofishin walwalar ɗaurarru a gidajen gyaran hali, da gidan horon kangararrun matasa na Kaduna, ɗaya daga cikin irinsa da ke Ilori da Abeokuta, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su PRAWA da CLEEN da Prison Fellowship. Ikkilisiyoyinmu da ke da ƙungiyar ziyarar kurkuku su ma su riƙa tafiya da ɗaliban nan in sun zo hutu. Mun lura sukan yi tambayoyin da mu dattawa ba mu yi: yaushe aka kawo ka, wace kotu, yaushe rabonka da ganin alƙali, danginka sun san kana nan?

Sai dai a ja musu kunne. Ba a shiga gidan yari sai da izinin hukuma. Ba a shiga da waya, ba a karɓar saƙo a ɓoye a fita da shi, ko da mai roƙon yana hawaye. Abin da aka gani a fayil ɗin mutum amana ce, ba labarin zaman majalisa ko Facebook ba ne. Kada kuma ɗalibi ya bari a kira shi barista ya amsa, ko ya yi wa iyali alkawarin fitar da ɗansu. Yawancin wuraren nan ba su biyan ko kwabo, iyaye su shirya kuɗin mota.

Wanda ya yi wannan zirga-zirga, in lokacin rubuta kundin shekarar ƙarshe ya zo yana da abin faɗa daga garinsu, ba sai ya kwafi na wani ba. Yana kuma da sunan ma'aikacin da zai shaide shi. Kada yaranmu su raina harshensu: wanda ke jin Hausa da Turanci, ga Tyap ko Berom ko Bachama ko Tangale, kotu da ofishin 'yan sanda suna bukatarsa. Darasin ƙididdiga da suke gudu shi ma su riƙe shi, tare da kwamfuta, gama bankuna da kamfanonin sadarwa suna ɗaukar masu binciken zamba.

Ga mai son ƙarin karatu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da digiri na biyu a fannin tabbatar da doka da shari'ar laifuka. Fannin yana da manya a arewa. Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ya daɗe yana bincike a kan aikin 'yan sanda. Janar Abdulrahman Dambazau, wanda ya yi digiri na uku a kiriminoloji a Jami'ar Keele ta Ingila, shi ne ministan cikin gida daga 2015 zuwa 2019, gidajen yari suna ƙarƙashinsa.

Yaron da muka fara da labarinsa ya gama shekararsa ta farko. Da hutu ya yi mako uku yana zama a wata kotun majistare. Ya nuna mana littafinsa, muka ga ya rubuta shari'ar da aka ɗage domin ba motar da za ta kawo wanda ake zargi, da wadda aka ɗage domin fayil yana ofishin da ke ba da shawarar shari'a bai dawo ba. Ya ce a kan wannan yake so ya yi kundinsa. Mamarsa ta daina ce masa lauya, yanzu tambayarta ita ce nawa ne kuɗin mota zuwa ofishin agajin lauya a babban birnin jiha, inda zai kai wasiƙarsa a hutu mai zuwa.