Daga titin Romaniya zuwa falon Ingila: Abin da ke biyo karnukan da ake ɗauko riƙonsu daga ƙasashen waje

Kusan kowane mako, motocin ɗaukar kaya da aka jera wa keji a ciki kan tashi daga Romaniya su nufi Birtaniya. Sukan ratsa Hangari da Ostiriya da Jamus da Beljiyam, su isa garin Calais na Faransa, inda jirgin ƙasa ke ɗaukar mota sukutum ya bi da ita ta ƙarƙashin teku zuwa Ingila.

Tafiya ce ta kusan kilomita 2,500, mai cin kwana biyu zuwa uku. Fasinjojin kuwa karnuka ne da aka tsinto a titi ko aka fanso daga gidajen tsare dabbobi na hukuma. Kowanne da fasfonsa, kowanne kuma akwai iyalin da ke jiransa, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sai a hoton Facebook ko Instagram.

Iyalan kan biya abin da ya kai fam 300 zuwa 500 kuɗin allura da takardu da mota. A wurinsu ceton rai ne. A wurin likitocin dabbobi da jami'an kan iyaka kuwa, wannan harka ta zama abin sa ido, domin ba kare kaɗai ke saukowa daga motar ba a wasu lokutan.

Me ya cika titunan Romaniya da karnuka?

Tushen matsalar ya koma shekarun 1980, zamanin mulkin Nicolae Ceaușescu. Gwamnatinsa ta rushe unguwanni masu yawa a Bukarest, babban birnin ƙasar, ta kwashe mutane daga gidaje masu tsakar gida ta zuba su a benaye. Wanda aka ba ɗaki a hawa na takwas ba shi da inda zai ɗaure karen gadinsa, sai ya sake shi. Karnukan suka yi ta hayayyafa a kangaye da bakin kasuwanni.

A 2013 an ƙiyasta cewa karnukan da ke gararamba a Bukarest kaɗai sun haura 60,000. A watan Satumban shekarar wasu karnuka suka kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a kusa da wani wurin shaƙatawa na birnin. Jama'a suka fusata, kuma cikin 'yan kwanaki majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukumomi damar kashe duk karen da aka kama idan ya yi kwana 14 na aiki ba a samu mai shi ko mai ɗaukar riƙonsa ba.

Wannan wa'adi na kwana 14 shi ne ya zama makamin masu neman taimako a intanet. Sai a saka hoton kare ya kwantar da kai a bayan waya, a rubuta ranar da wa'adinsa zai cika. Da yake Romaniya ta shiga Tarayyar Turai tun 2007, fitar da kare daga can zuwa Jamus ko Birtaniya bai da wuya kamar daga wata nahiyar. Nan da nan ƙasar ta zama kan gaba wajen tura karnuka Birtaniya, dubun-dubata a wasu shekarun.

Me ya sa ba sa ɗaukar na gida?

Birtaniya ba ta rasa karnuka marasa galihu ba. Ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da RSPCA da gidan Battersea, wanda aka kafa tun 1860, suna da nasu da ke jiran mai ɗauka, kuma sun sha kokawa da cunkoso tun da tsadar rayuwa ta sa mutane ke mayar da dabbobinsu.

Sai dai waɗannan ƙungiyoyi na da sharuɗɗa. Sukan tambayi ko gidan mutum na da fili mai shinge, ko akwai ƙananan yara, da kuma awa nawa karen zai riƙa wuni shi kaɗai. Mai zama a bene ko mai fita aiki tun safe yakan sha wuya kafin a ba shi.

Wani bincike da masana na Jami'ar Liverpool suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya ji ta bakin mutum fiye da 3,000 da suka ɗauko kare daga waje. Kusan kashi ɗaya cikin uku daga Romaniya suka ɗauko, sai Sayifuros da Sifaniya. Da yawa sun ce wani kare suka gani a intanet ya shiga ransu, wasu sun ce sun ji tsoron za a kashe shi ne, wasu kuma sun ce sun nemi na gida an hana su.

Ba kowane riƙo ke ƙarewa da daɗi ba. Karen da ya girma a juji bai san matakalar bene ba, bai san igiya a wuya ba, ƙarar injin share ɗaki ma firgita shi take yi. Wasu kan tsere a makon farko. Wasu kuma, musamman jinsin da makiyayan Romaniya ke amfani da su wajen kare tumaki daga kyarkeci, kan girma su fi ƙarfin mai gidan, su riƙa kai wa baƙi hari. Idan ƙungiyar da ta kawo karen ba ta da wurin karɓarsa, sai ya ƙare a gidajen dabbobin Birtaniya da dama can a cike suke.

Takardar da ke tsakanin kare da annoba

Rabon da a samu cutar haukan kare a dabbobin da ke yawo a ƙasar Birtaniya tun 1922. Shekara da shekaru, duk karen da zai shiga sai an killace shi wata shida. An fara sassauta wannan a shekarar 2000, aka ƙara sassautawa a 2012.

A yanzu karen da zai fito daga Tarayyar Turai sai an saka masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa. Sai a yi masa allurar riga-kafin hauka bayan ya kai mako 12 da haihuwa, a jira kwana 21. Sannan likita ya ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya shiga.

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan gaskiyar wanda ya sa hannu a takardar. Ƙwayar cutar hauka kan yi wata biyu zuwa uku a jiki, wani lokaci har shekara, ba tare da wata alama ba. Jami'in kan iyaka ba zai gane ta da ido ba.

A watan Afrilun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da shigo da karnuka da kyanwoyi na riƙo da na sayarwa daga Yukren da Belarus da Poland da Romaniya. Dalilin da ta bayar shi ne an gano wasu dabbobi da wata ƙungiyar ceto ta shigo da su da takardun riga-kafi na bogi. Sai a ƙarshen Oktoban shekarar aka buɗe ƙofa, aka ce sai wanda hukuma ta yi wa rajista ne zai shigo da su.

Matar da ta rasa duka karnukanta

Akwai wata cutar da ba ta kai haukan kare suna ba, amma ita ce ta fi tayar da hankalin likitocin dabbobi a Birtaniya tun 2020. Sunanta Brucella canis. Tana sa karya ɓari, tana hana haihuwa, tana kawo ciwon baya. Kare na iya ɗauke da ita shekaru yana wasa da cin abinci lafiya lau, kuma magani ba ya tabbatar da an rabu da ita.

A 2022 wata mata a Ingila ta karɓi wata karya mai ciki da aka kawo daga Belarus, da niyyar riƙe ta na ɗan lokaci kafin a sama mata gida. Kwanaki kaɗan da isowarta karyar ta yi ɓari a cikin gidan. Matar ta kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki har aka kai ta asibiti, gwaji kuma ya nuna ta kamu da cutar. Ita ce mutum ta farko da aka tabbatar ta ɗauke ta daga kare a Birtaniya.

Ba a tsaya nan ba. An kashe karyar da aka kawo, aka kuma kashe karnukan matar na gida, waɗanda ta yi shekaru tare da su.

Karnukan da ake kawowa daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum kuma kan zo da wasu cututtukan, kamar leishmania da wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa, da tsutsar zuciya da sauro ke ɗauka. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a ga sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwaji sananne kafin kare ya hau mota, a kuma maimaita gwajin bayan wata uku da isowarsa.

Amurka ta rufe ƙofa

Amurka ta kawar da nau'in cutar hauka da ke yawo tsakanin karnuka tun 2007, kuma karnuka kusan miliyan ɗaya ke shiga ƙasar a shekara. A 2015 da 2017 da 2019 an samu karnukan ceto daga Masar da suka isa da cutar. A 2020 jami'ai sun tare fiye da karnuka 450 masu takardun bogi ko waɗanda ba su cika ba.

A watan Yunin 2021 wani kare daga Azarbaijan, cikin ayarin dabbobi fiye da 30 da aka sauke a Chicago, ya isa gidan wani iyali a jihar Pennsylvania kafin a gane yana da cutar. Sai da jami'an lafiya suka bi sawun sauran dabbobin a jihohi daban-daban. Daga 14 ga Yulin shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe 113.

Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024 ta ce duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata shida, yana da na'urar lamba a jikinsa, an kuma cike masa fom na CDC. Na ƙasashe masu haɗari suna da ƙarin sharuɗɗa, ciki har da gwajin jini ko killacewa. Najeriya da Nijar duk suna cikin wannan jeri.

Jirgin Kabul

Babu lokacin da wannan harka ta jawo cece-kuce kamar watan Agustan 2021, lokacin da Taliban ta karɓe Kabul. Pen Farthing, tsohon sojan ruwan Birtaniya, ya kafa ƙungiyar Nowzad bayan wani karen titi ya liƙe masa a lardin Helmand a 2006. Ƙungiyar ta yi suna wajen kai wa sojoji karnukan da suka saba da su a fagen daga.

A kwanakin ƙarshe na kwashe mutane, Farthing ya fita da karnuka da kyanwoyi fiye da 150 a jirgin da masu ba da gudummawa suka yi haya. Ma'aikatansa 'yan Afganistan ba su samu shiga ba, sai a watan Satumba suka tsallaka Pakistan ta ƙasa.

Masu suka sun ce an ɓata lokacin sojoji a kan dabbobi alhali tafintocin da suka yi wa Birtaniya aiki na tsaye a bakin ƙofar filin jirgi. Farthing ya ce dabbobin a wurin zuba kaya suka shiga, ba su tare kujerar kowa ba. Firaminista na lokacin, Boris Johnson, ya musanta cewa shi ya ba da umarnin a taimaka, amma maganar ta kai har gaban kwamitin majalisa.

Inda kuɗin ya fi amfani

Karya ɗaya na iya haihuwa sau biyu a shekara, kwiyakwiyi biyar ko shida kowane karo. Don haka ko mota nawa ta tashi daga Romaniya, ƙauyuka na ci gaba da cike gurbin. Dokar 2013 ta wajabta wa masu karnukan gida su kai a yi musu fiɗiya, amma ƙungiyoyin kare dabbobi na cewa ba a aiwatar da wannan sashen yadda ya kamata a karkara. Kuɗin kai kare ɗaya Ingila zai isa a yi wa karnuka da dama aikin hana haihuwa a inda suke, kuma wasu ƙungiyoyin sun mayar da ƙarfinsu can.

Haka lissafin yake a batun hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki riga-kafi, aka ɗore a kai, cutar kan daina yaɗuwa.

Meziko ta bi wannan hanya da allurar kyauta ga miliyoyin karnuka duk shekara, har hukumar ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da matsalar. Jihar Goa ta Indiya ma, tare da ƙungiyar Mission Rabies, ta bi karnukan titi unguwa-unguwa da allura, aka ayyana ta a 2021 a matsayin yankin da ya shawo kan cutar.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na haɗa allurar riga-kafin haukan kare. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina rasa ko mutum ɗaya ta dalilin cizon kare. Kafin nan, shawarar likitoci ga duk wanda kare ya ciza ita ce ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira.