Ba Kowane Tabo Ke Buƙatar Bilic Ba: Wanki da Tsabta a Gidan Masu Rarrafe

Gidan da akwai mai rarrafe, igiyar shanya ba ta hutu. Yanzu tumbiɗi a kafaɗar uwa, an jima miyar manja a ƙirjin yaro, gobe zoɓo a farin yunifom ɗin yayarsa, ga katifa ta sha fitsari tana jiran rana. Abin da gidaje da yawa suka saba da shi yau shi ne a aika kanti a sayo ledar Hypo ko kwalbar Jik, a tsiyaya a bokiti, a zazzaga omo, a ɗiga Izal don ƙamshi, a tsunduma komai ciki. Kaya kan fito fes. Sai dai akwai kuɗin da ba a kanti ake biyansa ba. Fatar jariri ce ke biya, da huhunsa, da zaren tufafin, da ruwan da muke kwararawa a kwata.

Abin da babba zai jure, yaro ba zai jure ba. Fatarsa ta fi laushi, numfashinsa ya fi na babba sauri, kuma duniyarsa a ƙasa take: ya dafa daɓe, ya kai hannu baki, ya tsotsi bakin zanin goyo. Duk abin da aka goge ƙasa da shi, ko ya saura a tufa bayan ɗauraya, akwai hanyar da zai bi ya isa cikinsa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa shaida. Ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma da ake niƙawa a tsakar gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, manyan da ke zaune a gidajen nan kuwa yawancinsu suna kan ƙafafunsu. Saboda haka ma yayyafa ruwa kafin shara, da goge ɗakin yara da jiƙaƙƙen tsumma lokacin hunturu, ba ƙaramin aiki ba ne.

Sirrin cire tabo shi ne sanin abin da ya yi shi, sannan a hanzarta tun bai bushe ba. Kowane allazi da nasa amanu.

Mu fara da abin da ya fi yawa a kayan jariri, wato nono, madara, tumbiɗi, ƙwai, jini da kashi. Waɗannan duk ruwan zafi dafa su yake yi a cikin zare, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, daga nan kuma sai dai haƙuri. Ruwan sanyi suke so. A kankare abin da ya kankaru, a ɗauraye ta bayan tufar domin ruwan ya turo dattin waje maimakon ya ƙara cusa shi, a goga sabulun wanki na sanda, a bar shi ya jiƙu kamar rabin awa, sannan a cuɗa. Idan rawayan kashin jariri mai shan nono ya ƙi fita, kada a yi ta murza har nafkin ya ƙoƙe. A shanya shi da damshinsa a tsakiyar rana. Sinadarin da ke ba kashin wannan launi haske ne ke wargaza shi, shi ya sa ma a asibiti ake kwantar da jariri mai shawara ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Amma a kula, tufa ake shanyawa. Jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti za a kai shi a ranar, ba a gasa shi a rana.

Rana ita ce babbar ma'aikaciyar da Allah ya ba mu kyauta, muka raina ta. Jan manja, jan tumatir, da rawayan kurkum da ke cikin kori, duk suna dusashewa a hasken rana. Sai dai manja tabo biyu ne a haɗe, akwai maiƙo akwai launi. A fara da maiƙon: a barbaɗa garin sitaci ko hodar jiki ya tsotse, a kakkaɓe, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa a murza da ruwan ɗumi. Launin da ya rage a bar wa rana. Kurkum kuwa da ya haɗu da sabulu sai ya koma ja wur, uwa ta tsorata ta ɗauka ta ɓata riga. Ba ta ɓata ba, a ɗauraye a shanya. Kaya masu rini da atamfa a juya cikinsu waje, kada a bar su su wuni, don ranar da ke cin tabo tana cin launi. Kuma a kan igiya ake shanyar kayan yara, ba a ƙasa ko a inuwa ba, domin akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a tufa mai damshi da warin fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta fito kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan.

Zoɓo, shayi da goro wani gida ne daban. Idan aka goga musu sabulun sanda ko kanwa tun farko, tabon yakan ƙara kamawa, na zoɓo ma ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi. Ruwa zalla za a fara kwarara musu da yawa, sannan a matsa lemon tsami ko a zuba ruwan khal da aka sirka, a ɗauraye, sai a yi wanki yadda aka saba. Tsatsa ma tsami take tsoro, haka ɗigon maganin ƙarin jini da ake ba yara, wanda ƙarfe ne a cikinsa. Lemon tsami da gishiri, a ajiye a rana, a maimaita in ya ƙi. Bilic a kan irin wannan tabo ƙara masa duhu yake yi, kuma wannan ne dalilin da fararen kaya ke yin rawaya a unguwannin da ruwan burtsatsensu ke da ƙarfe, duk yawan bilic ɗin da ake zubawa. Jar ƙasa a bari ta bushe a kakkaɓe kafin ruwa ya taɓa ta. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya sandare a ɓamɓare. Ruwan yazawa da lalle kuwa, in sun zauna sun zauna, gara a tanadar wa yaro tsohuwar riga.

Kakanninmu ba su san kanti ba, amma ba su zauna da ƙazanta ba. Tokar itace da ɗan ruwa tana narkar da maiƙo, tana fitar da baƙin bayan tukunya, kuma daga ruwan toka da mai ake dafa sabulun salo. Saiwar aduwa tana kumfa, an daɗe ana wanki da ita a karkara. Tsamiya tana haskaka kwanon tagulla. Kanwar da fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, in an jiƙa 'yar kaɗan an tace a ruwan wanki, tana taimaka wa sabulu ya yi kumfa a ruwan zartsi, tana kuma kashe warin fitsari. Ni a ganina bai kamata mu yar da wannan ilimi don kawai ba a cikin kwalba mai hoto ya zo ba. Amma kada a ɗauka duk abin da ya fito daga murhu ko daji ba ya cutarwa. Ruwan toka mai kauri yana cin fata, in ya shiga idon yaro kuwa babbar magana ce. Tokar da aka ƙona leda, roba ko batir a cikinta ba ta wanke-wanke ba ce.

Akwai kuma dabarar da ke yawo a wayoyi ta haɗa ruwan khal da bekin soda a kwano ɗaya, a ga kumfa ta taso a ce ga maganin kowane datti. Ɗaya tsami ne, ɗaya ɗan'uwan kanwa, da sun haɗu sai su kashe juna, a tashi da ruwa mai ɗan gishiri. Kowanne shi kaɗai ya fi amfani. Bekin soda a barbaɗa a katifar da aka tsane wa fitsari, a fitar da ita rana, a kakkaɓe. Ruwan khal kuma ga farin dattin da ke kama famfo da buta.

Wancan haɗin asarar kuɗi ce kawai. Wanda ke iya kai mutum asibiti shi ne bilic da duk wani abu mai tsami, ko lemon tsami, ko khal, ko ruwan wanke masai irin su Harpic. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai shaƙe maƙoshi da ƙona huhu, ta fi iska nauyi, don haka ƙasa take kwantawa, daidai tsayin mai rarrafe. Bilic a kan fitsarin da ya kwana a fo ko a bokitin nafkin ma yana tayar da wani hayaƙi mai yaji. Bilic ba shi da abokin haɗi sai ruwan sanyi.

Ruwan wankinmu kuma ba ɓacewa yake yi ba in ya fita ta rariya. A Kano, rafin Jakara ne ke kwashe ruwan kwatocin birni, a gaba kuma manoma na ban-ruwan latas da alayyafo da shi, su dawo mana kasuwa. Wasu nau'o'in omo suna ɗauke da sinadarin fosfet, wanda taki ne ga kainuwa da gansakuka, su rufe kududdufi su shaƙe kifi. Ledojin omo da famfas da ake wurgawa su ne ke toshe magudana da damina. Yawan omo ba shi ne fitar wanki ba, ƙarin ruwan ɗauraya kawai yake ci, abin da ya saura a zare kuma shi ke sa wa jariri ƙaiƙayi da ƙuraje a matse-matsi. Bula ma ba wanki take yi ba, rawaya take rufewa. Ruwan ɗaurayar da sabulu kaɗai ya shiga zai iya shayar da bishiyar tsakar gida. Amma ruwan nafkin da abin da ke cikin fo, masai za su. Zancen da ake yi cewa kashin jariri ba ya cutarwa ba gaskiya ba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na kowa.

To ina bilic yake da gurbi? A lokacin ciwo. Lemon tsami da khal suna cire datti, amma ba a dogara da su wajen kashe ƙwayar kwalara. Idan amai da gudawa ya shigo gida ko unguwa, a nan ne kwalbar ke da aiki. A fara wanke wurin da sabulu, don datti yana cinye ƙarfin bilic. In an rubuta 3.5 cikin 100 a jikin kwalbar, ma'auni 1 na bilic a ma'auni 16 na ruwa ya isa daɓe, fo da zannuwan majinyaci. A bar shi minti 10, a ɗauraye, taga a buɗe, yara a waje, kuma a haɗa sabo kullum. Sauran ranaku, sabulu da ruwa sun wadatar. Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100, in babu sabulu kuma toka ta fi ruwa zalla. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa wasu sinadarai 19 a sabulun da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, saboda masu yin sa sun kasa nuna cewa ya fi sabulu na yau da kullum. Ruwan wankan jariri ma ba ya buƙatar a ɗiga masa komai sai in likita ya ce. Kafur ɗin da ake jefawa a akwatin kayan suna, shi kam a raba shi da jarirai gaba ɗaya. Akwai yara da dama, musamman maza, da aka haifa da wani rauni a jini, ƙamshin nan da ke kama tufa yana fasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ajiya. Mata da yawa sun koyi haɗa sabulun ruwa, sana'a ce mai albarka, amma sodar da ake jiƙawa domin ta fari ce tas kamar ruwan sha. Kurɓi ɗaya yana ƙona maƙoshin yaro, ya warke da tabon da ke tsuke hanyar abinci, a yi shekaru ana zaryar asibiti. Haka kananzir a kwalbar lemo, haka ota-fiya-fiya a bayan ƙofa. Kada a taɓa juye irin waɗannan a gorar ruwa ko ta lemo. Maigida, wannan aikinka ne: kanta a sama, ko akwati mai kwaɗo. Bokitin jiƙon kaya ma a rufe shi ko a ɗaga, don mai tatata nauyin kansa yakan rinjaye shi, in ya leƙa ya kifa ba zai iya fitowa ba, kuma ba a jin kukansa.

In tsautsayi ya gitta yaro ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Soda tana sake ƙona maƙoshi a hanyar fitowa, kananzir kuma amai ne ke kai shi huhu. A goge masa baki, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da ruwa mai yawa. In a ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Sannan a nufi asibiti nan take ko da yaron yana wasa, a tafi da kwalbar ko ledar abin da ya sha domin likita ya gani.