Maganin mura a Roxy: ƙwaya ɗaya, magani uku

Da zarar hazon hunturu ya sauko Abijan a watan Disamba ko Janairu, sai atishawa da toshewar hanci su cika gidaje da rumfunan kasuwa. Lokacin ne ciniki ke buɗewa a Roxy, layin nan na Adjamé da ya samo sunansa daga wani tsohon gidan silima, wanda yau ya zama babbar kasuwar magungunan kan titi ta ƙasar Kwaddibuwa. Akasarin masu sayarwa mata ne, kowace da teburinta ko baho shaƙe da kwalaye. Hukuma ta sha kai samame, har a 2017 aka kwashe gomman tan na magunguna, amma ba a daɗewa sai kasuwa ta sake ci.

Na shekara da shekaru ina ratsa wannan layi, kuma maganar da kunnena ya fi sabawa da ita ita ce, "Ba ni na mura na dala ashirin." Sai a sa almakashi a yanko ƙwaya biyu ko huɗu daga kati a miƙa wa mutum. Kwali da takardar bayani kuwa suna nan cikin baho. Mai saye ya tafi da magani, ya bar gargaɗin a baya. To a wannan takarda da aka bari ne aka rubuta wanda bai kamata ya sha ba.

Abin da muke kira "na mura" yawanci magani uku ne aka dunƙule wuri ɗaya. Na farko shi ne mai buɗe hanci, wanda za ka ga an rubuta pseudoéphédrine ko phényléphrine a bayan kati. Aikinsa tsuke jijiyoyin jini na cikin hanci, kumburi ya saɓe, iska ta samu hanya. Na biyu shi ne mai tsayar da atishawa da zubar majina, irin su chlorphénamine, triprolidine ko diphénhydramine. Na uku farasitamol ne, don ciwon kai da zafin jiki. Kowane ɗayansu da irin halinsa, kuma wanda ya haɗiye ƙwayar ya haɗiye halayen uku gaba ɗaya.

Mai buɗe hancin nan bai san iyakar hanci ba. Tunda ta baki aka sha shi, jini ne zai ɗauke shi ya zagaya jiki, ya tsuke jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa kamar yadda ya tsuke na hanci. Shi ya sa yake ɗaga hawan jini, ya sa bugun zuciya, ya hana barci. A wasu mutane ƙalilan yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya mai kisa. Saboda haka ne hukumar kula da magunguna ta Faransa, ANSM, ta shawarci jama'a a watan Oktoban 2023 da su daina shan waɗannan ƙwayoyi don mura. Daga ranar 11 ga Disamban 2024 kuma ta hana sayar da masu pseudoéphédrine, irin su Actifed Rhume, Humex Rhume da Dolirhume, sai da takardar likita. Mu a nan sunayen ba baƙi ba ne a wurinmu. Ƙasar da ake yin su ta sa musu takunkumi, mu kuwa muna sayen irinsu a warware kamar alewa.

Akwai wani dattijo a tsakar gidanmu, mai sayar da goro, wanda ya daɗe yana fama da hawan jini. Bara mura ta kama shi, ya aiki yaro aka sayo masa ƙwayoyi, ya yi kwana uku yana sha safe da yamma, ga shayi mai ƙarfi ga goro a baki. Daren na uku ciwon kai ya tashe shi, idonsa na ganin dishi-dishi. Da muka kai shi asibiti aka auna, jininsa ya hau sosai. Likita ya tambaye shi, "Baba, me kake sha ban da maganinka?" Sai ya ce, "Ba komai ɗana, ɗan na mura ne kawai." Allah Ya taƙaita, ya kwana biyu aka sallame shi. Amma wannan "ɗan na mura ne kawai" ita ce maganar da ta tsaya mini a rai, don haka yawancinmu muke ɗaukarsa.

Waɗanda takardar ke cewa su nisanci mai buɗe hanci su ne: mai hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon ƙoda mai tsanani, mai farfaɗiya, mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke masa wuyar fita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma kada su sha. A ƙa'idar Faransa ba a ba wa yaron da bai kai shekara 15 ba. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu suna yawo da hawan jini ba su sani ba, don ciwo ne da ba ya sallama. Wanda ya haura arba'in bai taɓa auna jininsa ba, ya fara aunawa kafin ya nemi na mura. Farmasi da yawa suna aunawa cikin minti kaɗan, ga kuma Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan a harabar babban asibitin Treichville ga mai buƙatar ganin ƙwararre.

Shi kuma mai tsayar da majina, barci yake sawa. Yana busar da baki, ya rage kaifin ido da saurin hannu, wani lokaci har washegari. Ɗan'uwa direban gbaka ko woro-woro, da mai babur, da mai aiki da injin niƙa, wannan naka ne. Kada ka ce ai mai buɗe hancin zai wartsakar da kai, su biyun ba sa kashe juna. Sai ka ji zuciya na bugawa alhali ido na lumshewa a kan gadar De Gaulle da fasinja cike da mota. In an haɗa shi da tiramol ko maganin barci, nauyin ninkuwa yake. Akwai kuma iyaye mata da ke ɓantara wa yaro rabin ƙwaya don ya yi barci a huta da kukansa. Uwa, don Allah a bari. Jikin yaro ba ya ɗaukar abin da na babba ke ɗauka.

Na ukun, wato farasitamol, shi ne wanda aka fi rainawa. Ƙwayar mura ɗaya takan ƙunshi miligiram 500. Mutum ya sha biyu, ya ƙara da Doliprane ko Efferalgan don ciwon kai, ya sake ƙarawa da wani na ciwon jiki, bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa da sunaye daban-daban ba. Babban mutum kada ya wuce giram 3 a yini ba tare da umarnin likita ba, don abin da ya yi yawa hanta yake ci, kuma ba a jin alamarsa da wuri. Mai azumi ma ya kiyaye: ba a tattara rabon yini a shanye lokaci ɗaya da sahur.

Wani haɗarin shi ne ƙwayar na iya rufe ciwon da ya fi mura. A garin nan zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi na iya zama palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Farasitamol zai sauke zafin, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar na ci gaba a jini. Duk murar da ta zo da zazzaɓi mai ƙarfi, a yi gwajin ɗigon jini tukuna, musamman ga yara da masu ciki.

Duk wannan bayani ma ya shafi ƙwayar da ke ɗauke da abin da aka rubuta a jikinta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Katin da ya wuni a rana da damshin Abijan, aka yanke gefen da ke nuna ranar lalacewarsa, ba mai iya rantsuwa a kansa, har ita mai sayarwar. Na san abin da ke kai mu Roxy: aljihu ne, ga sauƙin sayen ƙwaya biyu maimakon kwali guda. Ba na raina wannan dalili. Sai dai araha ba ta ado, kuma kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ya ninka na kwalin sau da yawa.

Mura dai da kanta take tafiya cikin kwana 7 zuwa 10, a sha ƙwaya ko kada a sha. Wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi, shan ruwa da yawa, kwanciya da matashi mai tudu da rufe hanci daga ƙura suna rage wahalar. Wanda ya ga lallai sai ya sha, ya saya a farmasi da kwalinsa da takardarsa, ya faɗa wa mai farmasin cututtukansa da duk maganin da yake sha. In Faransanci na ba shi wuya, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Iri ɗaya za a sha, a bi tazarar da aka rubuta, kuma kada a wuce kwana 5. Idan kuwa ciwon kai mai tsanani ya taso farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko gani ya rikice, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, a ajiye ƙwayar a nufi asibiti nan take, a tafi da katin a aljihu don likita ya ga abin da aka sha. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.